Baffa da Alkamar da Ta Kwanta

Daga Allah muke, kuma Baffa ya riga mu komawa gare Shi. Ya rasu ranar Laraba da hantsi, aka yi masa sutura bayan azahar. Kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi daga ƙofar gida har bakin masallaci. Baffa yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gida ɗaya muke, katanga ce kawai ta raba sashensa da namu.

A bayan mahaifina na zauna, don haka duk wanda ya durƙusa gaisuwa na ji abin da ya faɗa. Wani dattijo da ya taho daga Bunkure a kan keke ya ce shekara da shekaru suna haɗuwa a kasuwa, bai taɓa jin Baffa ya ɗaga murya ba. Wannan ba haka ba ne. Baffa yana da murya, kuma yana ɗaga ta, amma ba wanda ya gyara wa dattijon zance. Dillalan tumatir sun zo daga Kadawa, suka ce ba su taɓa samun ruɓaɓɓe a ƙasan kwandonsa ba. Wannan kam gaskiya ne. Malamin gona ya zo a kan babur ɗinsa, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya ce, "Allah ya jiƙan shugaba," sannan ya sunkuyar da kai kamar ya yi ɓaranɓarama, domin an daɗe ba a kira Baffa da wannan suna ba.

Mutanen layinmu, wato waɗanda gonakinsu ke shan ruwa daga ƙaramin kanal ɗaya da namu, can ƙarshen tabarma suka haɗu suka zauna. Su suka fi kowa saninsa, su kuma suka fi kowa yin shiru. A garinmu ko wurin suna aka taru, ba a tashi sai zance ya gangaro kan ruwa da taki da alkama. Ranar nan har aka kira magariba ban ji bakin da ya ambaci alkama ba.

Ni ba mai magana ba ne, kowa a gidanmu ya sani. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina jin tsoron kada yabon da na ji a kan tabarmar nan ya shafe mutumin, a wayi gari abin da ya rage na Baffa shi ne "mutumin kirki", kalmar da ake faɗa a kan kowace gawa.

Dogo ne, mai faɗin ƙafa. Ba ya sa takalmi a gona, ya ce takalmi yana hana mutum jin abin da ƙasa ke ciki. Idan ya shiga fangali, wato ɗan yankin gona da ake tare wa ruwa, sai ya danna diddige, ya ɗaga, ya duba ramin, daga nan ya san ko a ba da ruwa ko a dakata. Goro ɗaya yake wuni da shi a aljihu, yana gutsura kaɗan-kaɗan, amma idan ya gamu da mutum sai ya ɓalla masa ɓari mafi girma. Yana da saurin fushi da safe, yana da saurin hucewa kafin azahar. Kuma ba ya son a riga shi faɗin abu. Idan ka kawo shawara mai kyau, gara ka ajiye ta kusa da shi ka tafi, gobe zai zo da ita a matsayin tasa, kowa ya huta.

Tun ina ƙarami yake kira na Malam. Idan 'yan'uwana suna yi mini dariya don an tambaye ni abu na kasa amsawa a gaban baƙi, sai ya daka musu tsawa: "Ku bar mini Malam! Ku da kuke ta surutu tun asuba, me kuka faɗa?" Da na samu shiga kwalejin horon malamai a Kano, shi ya ɗauki akwatina a ka har bakin titi, yana tafe yana gaya wa duk wanda muka gamu da shi inda za ni, ni kuwa kamar in nutse.

Tun da aka kawo ruwan rani yankinmu, Baffa ne shugaban layinmu. Shi ke buɗe ƙofar ruwa, shi ke faɗin wanda zai fara sha da wanda zai jira. Gonarsa ce ta farko a bakin kanal, ta mahaifina ce ta ƙarshe, inda ƙasa ta ɗan yi kwari. Bai taɓa shayar da tasa ba sai ya taka har ƙarshe ya ga ruwa ya kai ga ƙanensa. Mahaifina shi ne autansu, kuma har ya yi furfura Baffa bai daina ce masa Auta ba. Kullum bayan magariba a zaure suke cin tuwo, kwano ɗaya, Baffa yana tura masa nama da ɗan yatsa kamar yaro.

Shekarar da gwamnati ta hana shigo da alkama daga waje, kowa ya ce noman alkama ya zo da arziki. Mutanen layinmu sun saba raba gona, rabi tumatir, rabi alkama. Baffa ya tara su a gindin mangwaron bakin kanal ya ce bana a yi alkama zalla. Wasu sun yi gunaguni, amma aka bi shi. Shi ya tsaya aka samo taki, kuma da aka zo zubi na biyu ya ce a ƙara hannu. Alkama ta tashi kore shar, ta yi tsayi fiye da yadda muka saba gani, har mutanen wasu layuka suna tsayawa da kekuna suna kallo. Baffa yakan tsaya a kan gaɓar kanal, hannu a baya, yana amsa gaisuwarsu kamar mai ɗaurin aure.

Bayan ta fitar da kai, sai tsatsa ta shigo. Cuta ce da ke fitowa a ganye kamar an barbaɗa jan gari, idan ka ratsa gona sai ka fito wandonka ya yi ja. Malamin gona ya zo ya duba, ya ce alkamar ta yi ƙiba da yawa, kararta ba ƙarfi, a bi ta a hankali. Ya kawo magani, ya nuna iya murfin da za a zuba a famfon feshi. Ya ce a yi feshi da sassafe ko da yamma, kada a yi da rana tsaka. Ya ce kuma kada a cika mata ruwa idan ana iska.

Matsalar ita ce famfon feshin na goyo guda ɗaya ne, na ƙungiya, kuma layin da ke bayanmu suna jiransa, su ma tsatsa tana cin tasu. Ranar da ya zo hannunmu Asabar ce, ina gida. Aka fara da sassafe kamar yadda aka ce. Da rana ta take, ba a ko kai rabi ba. Baffa ya dubi gonakin da suka rage, ya dubi ɗan aiken da layin baya suka turo yana zaune yana jira, ya ce a ci gaba. Ya kuma ce a ƙara murfi ɗaya a kowane cikawa, don a kashe cutar gaba ɗaya, tunda ba a san ranar da famfon zai dawo ba.

Gonar mahaifina, da yake ita ce ta ƙarshe, ita ta sha feshi lokacin da rana ta fi zafi.

Washegari ganyen sama, wanda ke ciyar da zangarniya, ya ƙone daga baki, ya yi fari-fari kamar an gifta masa wuta. Baffa ya zagaya gonakin. Da ya dawo bakin kanal sai ya ce za a ba ta ruwa, a cika fangali, ta sha ta huce. A lokacin iska ta fara kaɗa ganyen mangwaro. Ina tsaye na ji mahaifina ya matso ya rage murya.

"Yaya, da mun bari iskar nan ta lafa."

"Ta lafa yaushe? Kana ganin abu yana ƙonewa?"

"Malamin gona ya ce..."

"Malamin gona da albashinsa yake kwana. Auta, kai yaushe ka fara sanin iska? Ina ɗaure maka wando kake gaya mini iska?"

Mutane suka yi dariya, irin dariyar da ake yi don a kashe magana. Mahaifina ma ya yi murmushi, ya ja da baya. Baffa ya buɗe ƙofar ruwa.

Bayan la'asar iska ta ƙarfafa. Ƙasa ta riga ta jiƙe ta yi laushi, saiwa ba ta da abin kamawa, kai kuma ya yi nauyi. Muna tsaye muna kallo alkama ta fara kwanciya, fangali bayan fangali, kamar ana shafa ta da tafin hannu. Ba ƙara, ba komai. A gonakin sama wasu wurare sun tsaya. A tamu, inda ruwa ya taru, ko kara ɗaya bai rage a tsaye ba, zangarniya ta kifa cikin laka. Baffa ya shiga har gwiwa yana tattaro ta da hannu biyu yana tayarwa, yana saki tana komawa. Ya yi ta yi har mahaifina ya je ya riƙo hannun rigarsa ya ce, "Yaya, lokacin salla ya yi."

Abin da aka girba a shekarar bai kai a ba da labari ba. Tsatsa ta samu alkama a kwance cikin danshi ta ƙarasa ta, tsabar ta motse, wadda ta taɓa laka ta yi baƙi. Mu da muka fi kowa asara, sai da mahaifina ya tafi Kadawa dakon kwandunan tumatir, yana loda wa manyan motoci, shi da bai taɓa yi wa wani ƙwadago ba. Wata rana Baffa ya je can sayen iri, ya hango ƙanensa da gammo a ka, ruwan tumatir yana bin wuyansa, wani yaro ɗan kamasho yana ce masa, "Tsoho, ɗaga ƙafa mana!" Goggo, ƙanwar Baffa kuma yayar mahaifina, ita ta gaya mini cewa ranar ya dawo bai sayi irin ba, ya shiga ɗaki, bai fito ba sai da aka kira salla.

Bayan an gama sussuka, Baffa ya bi mutanen layinmu gida-gida. A kowane zaure magana ɗaya yake yi: "Ni na sa aka yi feshin rana, ni na ƙara magani, ni na buɗe ruwa. Ku yafe mini." A kowane zaure kuma amsa ɗaya yake samu: "Haba shugaba! Ba komai wallahi. Haka Allah ya nufa. Kai me ka yi?" A kawo masa ruwa, a raka shi har waje.

Haka aka koya mana. Babba ba ya durƙusa maka ka ce masa e, ka yi laifi. Sai ka ɗauke masa nauyin maganar, ka mayar da ita ga ƙaddara, kowa ya tashi da mutuncinsa. Amma da rani ya zagayo, mutanen nan da suka ce ba komai sai suka riƙa sammako suna buɗe ƙofar ruwa kafin ya iso. Ba wanda ya tsige shi. Ya zo sau ɗaya, sau biyu, ya tarar an gama rabo, sai ya daina zuwa. A bayan idonsa kuwa, ko buhu ne ya faɗo daga kan jaki sai wani ya ce, "Ya yi alkamar shugaba," a kwashe da dariya. Duk mun ji, har mu 'yan gidansa, kuma ba wanda ya taɓa tsawatarwa.

Mahaifina bai taɓa yin wannan ba'a ba. Shi abin da ya yi, ya daina zama cin tuwo a zaure. Yau ya ce ciki, gobe ya ce ya ci a kasuwa, har aka saba kai wa kowa nasa. A tsakar gida kuma, idan yana gyaran lauje ko yana ɗaure akuya, sai in ji yana ce wa mahaifiyata, ba tare da an tambaye shi ba, "Na gaya masa fa. Wallahi na gaya masa."

Da Ƙaramar Salla ta zo, mun dawo daga idi muna shirin shiga sashen Baffa gaisuwa kamar kowace shekara, sai ga shi ya yi sallama a namu, da babbar rigarsa. Kafin a shimfiɗa masa tabarma ya durƙusa a gaban mahaifina. Mahaifina ya zabura kamar ya taka wuta, ya zube ƙasa shi ma.

"Subhanallahi! Yaya, tashi don Allah, yara suna kallo."

"Su kalla. Auta, ka yafe mini alkamarka."

"Wace alkama kuma? Abin da ya wuce? Ni ba ka yi mini komai ba."

"Na yi."

"Ba ka yi ba, Yaya."

Baffa ya ƙara sunkuyawa, mahaifina ya ƙara yin ƙasa don kada kansa ya fi na yayansa tsawo, har suka kusa kifa goshi a ƙasa su biyu. Goggo ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta ce, "To, in sallar ce ba ta ishe ku ba, ku koma filin idi mana." Aka yi dariya, suka tashi, aka ci tuwon Salla. Da Baffa zai fita na ga fuskarsa. Ba fuskar wanda aka sauke wa kaya ba ce.

Bai ƙara shuka alkama ba. Ya koma albasa da ɗan tumatir. Amma duk lokacin da alkamar mahaifina ta fitar da kai, za ka gan shi da sassafe yana bin gefen gonar, yana juya ganye yana duba bayansa. Idan ya ga alamar tsatsa sai ya tsinko ganyen ya ajiye a kan dutsen da mahaifina ke zama, ya yi tafiyarsa.

Ciwon da ya tafi da shi bai daɗe ba, ƙirji ne. Da jiki ya yi tsanani aka aiko mini makaranta na taho. Ranar Talata da yamma muna ɗakinsa, ni da Goggo da mahaifina. Ya sa aka tayar da shi aka jingina da bango, ya kamo hannun ƙanensa.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Maganar nan dai."

Na ɗauka mahaifina zai faɗa. Sai ya ce, "Yaya, ka daina wahalar da kanka. Tsakanina da kai sai alheri. Ba ka taɓa yi mini komai ba."

Baffa ya saki hannunsa a hankali. Da mahaifina ya fita alwala, Baffa ya dubi Goggo ya ce, "Kin ji ko? Mutumin da ya ce ba a yi masa laifi ba, me zai yafe?" Goggo ta ce, "Kunyarka yake ji, Yaya." Ya ce, "Na sani. Ni na rene shi." Ya nemi a kwantar da shi, ya juya fuska bango. Washegari da hantsi ya cika.

Ranar sadakar uku aka sake cika ƙofar gida. Liman ya yi addu'a, aka shafa, aka fara rabon waina da goro. Mutane sun fara neman takalmansu sai mahaifina ya miƙe tsaye. Bai saba magana a taro ba, muryarsa ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya nufa.

"Jama'a, ku dakata. Shekarar da alkama ta kwanta, Yaya ne ya yi kuskure. Na gaya masa a bari iska ta lafa, ya ƙi, ya kunyata ni a gaban mutane. Ya ɓata mini noma, na yi dako saboda shi. Na ji haushinsa, kuma na daɗe ina ji."

Wani daga cikin baƙi ya ce, "A'a, Malam, ba a yi wa mamaci haka." Liman ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bar shi ya ƙarasa."

"Ya roƙe ni sau da yawa, na ce ba komai. Ƙarya na yi, da komai. To ku shaida, na yafe masa. Duniya da lahira na yafe wa Yaya."

Ya zauna, ya ja hular kansa ya rufe fuska. Daga can ƙarshen tabarma, inda mutanen layinmu suke, wani tsoho da gonarsa ke maƙwabtaka da tamu ya yi gyaran murya ya ce, "Ni ma ya ɓata mini. Na yafe." Wani ya bi shi. Wasu kuwa suka yi ta kallon ƙasa. Liman ya sa aka sake ɗaga hannu, aka yi wata addu'ar, wadda ta fi ta farko tsawo.

Ni aka aika cikin gida in gaya wa mata abin da ya tsayar da maza. Na samu Goggo a ƙofar ɗakin Baffa tana zaune a kan turmi. Na faɗa mata duka, yadda aka yi, ban rage ba. Ta saurara har na gama, sannan ta dubi katangar da ta raba sashen nan biyu, wadda ko ni ina iya leƙa ta in na yi ɗage.

"Rani biyu," in ji ta, "ga shi ga ubanka, tari wannan ya yi wancan yana ji. Sai da aka kai shi inda ba a dawowa sannan bakinku ya buɗe?"

Ta goge ido da gefen mayafi. Can ta ce, "To. Allah ya kai masa."

Amin, Goggo. Allah ya kai masa, ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci. Mu kuma da muka ce masa ba komai, Allah ya yafe mana.